Martani: A Bar Wa Hoton Shahon Katagum Ƙayarsa

Malam, marubucin da nake mayar wa martani, ya tuhumi wani hoton shaho da wani matashi ɗan Azare ya ɗauko a fadamar Katagum da laifi biyu, kuma laifuffukan ba sa zama a tabarma ɗaya. Da farko ya ce hoton ya yi muni, ga jini, ga gashin kurciya a bakin shaho, bai kamata yara su gani ba, kuma da mai hoton yana da tausayi da dutse ya ɗauka ba kyamara ba. Can ƙasa sai ya juyo ya ce aikin ma bai kai ba, tsuntsun ya yi nisa, reshe ya gitta masa a ƙirji, sararin baya ya yi fari fat, a je a ga yadda Turawa ke fito da irin wannan hoto tas, har mutum ya iya ƙirga gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya. A sakin layi na farko kisan ne ya dame shi, a na biyu kuma damuwarsa ita ce ba a nuna kisan da kyau ba. Ina girmama Malam, na daɗe ina ƙaruwa da alƙalaminsa, amma a nan ban bi shi ba. Tuhuma ta biyun ce ma ta fi tayar mini da hankali, domin ita ce samarinmu masu kyamara za su ɗauka su yi aiki da ita.

Mu fara da duba abin da ake magana a kai. Shahon yana zaune a kan reshen gawo. Irin shahon nan ne mai jan ƙeya, da baƙin zane da ya sauko daga ƙasan ido, da rawaya kewaye da idon. Ƙafarsa ta hagu ta danne kurciyar a tsakiyar baya, faratan sun nutse cikin gashi, kan kurciyar ya rataya gefen reshe. Ya saki fikafikansa rabi da rabi ya lulluɓe abin da ya kama, ya ɗaga kai yana kallon sama ta dama, ba wajen mai kyamara ba. Ƙaramin gashi ɗaya ya liƙe masa a gefen baki, wasu biyu suna shawagi a iska ba su kai ƙasa ba. Wani siririn reshe mai ƙaya ya tsallaka ta gaban ƙirjinsa. Wannan reshen shi ne Malam ya ce a goge da kwamfuta.

Duk abin da Malam ya lissafa a matsayin aibi yana gaya wa mai kallo wani abu. Gawon yana da ganye shar, kuma kowane manomi a Katagum ya san gawo da rani yake yin ganye, da damina ya zubar, don haka ko ba a rubuta wata ba an san lokacin. Farin sararin da ke baya hazon hunturu ne, ba gazawar kyamara ba. Lulluɓe kurciya da fikafikai da ɗaga kai sama halin shaho ne idan yana tsoron hankaka ko shirwa su yi masa ƙwace, wato akwai wani tsuntsun a sama wanda hoton bai ɗauko ba amma ya nuna mana shi. Ƙasan wuyansa bai kumbura ba, alamar bai fara haɗiya ba, figa kawai ya soma. Nisan da Malam ke ƙorafi a kansa kuwa shi ne dalilin da ya sa shahon bai damu da mai hoton ba. Da ya ƙara matsowa, da tsuntsun ya zuba masa ido ko ya tashi da abincinsa. Shi kuma reshen ƙaya shaida ne cewa shaho ne ya zaɓi wurin zamansa, ba mutum ya zaɓa masa ba. Tsuntsun daji da ya samu nama yana neman inda zai ɓuya ne, ba inda haske ya fi kyau ba.

Hotunan da Malam ya ce a je a gani, hanya biyu ake bi a same su. Ta farko halal ce amma tana da tsada. Ana buƙatar gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, na milimita 400 zuwa 600, da kyamarar da za ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 2000 na sakan don ta tsayar da fiffike a iska, sannan mutum ya yi kwana da kwanaki cikin 'yar bukka yana jira, ya ɗauki hotuna dubbai ya zubar ya tsira da ɗaya. Hanya ta biyu ita ce wadda ba a cika faɗa ba. A Amurka da Kanada an daɗe ana rigima da masu sayen ɓeraye a shago su jefa a kan ƙanƙara don mujiya ta kawo sura daidai gaban kyamara. A Turai akwai masu zuba ƙananan kifaye a cikin akwatin ruwa, su kafa reshe mai kyau a kansa, su jira tsuntsu mai kamun kifi ya faɗo inda aka riga aka saita. Hoton yakan fito ba reshe, ba duhu, ba nisa, domin an share fagen tun kafin tsuntsun ya zo.

Su kansu masu wannan sana'a sun san cutar. Babbar gasar hoton namun daji ta duniya, wadda Gidan Adana Tarihin Halittu na Landan ke shiryawa, ta hana a jawo dabba da wata dabba mai rai, kuma tana neman asalin hoton kamar yadda ya fito daga kyamara kafin ta ba da kyauta. Ba banza ta kafa wannan doka ba. A 2009 wani ɗan Sifaniya, José Luis Rodríguez, ya ci kyautar farko da hoton kyarkeci yana tsallake ƙofar shinge da dare. Hoto ne wanda ba ya da makusa ko ɗaya irin wadda Malam ke nema. A watan Janairun 2010 aka ƙwace kyautar, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin na gida ne da aka horar, daga wani gidan dabbobi kusa da Madrid. A 2017 kuma Marcio Cabral ɗan Birazil ya ci wani rukuni na gasar da hoton dabbar nan mai cin gara ta nufi suri da dare a gandun dajin Emas. A 2018 masana biyar suka duba suka ce fatar mushe ce da aka cika aka tsayar, wadda ake ajiyewa a ƙofar shiga gandun. Dukansu biyu sun musanta, amma hukuncin bai canza ba. A lokutan biyu, tsananin kyan hoton ne ya rufe wa alƙalai ido tun farko.

To a dawo da maganar gida. Saurayi a Azare wanda ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar kyamara, ya karanta cewa babban marubuci ya raina hoto saboda nisa da reshe, me zai yi? Gilashin milimita 600 ya fi ƙarfin aljihunsa. Abin da bai fi ƙarfinsa ba shi ne ya shiga kasuwa ya sayi tantabara, ya ɗaura mata zare a ƙafa, ya kafa turke a fili inda rana ke bayansa, ya koma gindin bishiya ya jira. Zai samu hoton da Malam ya ce yana so, kusa, a sarari, ba ƙaya. Tantabarar kuwa za ta yi ta fizgar zare tana kallon abin da ke saukowa ba ta da hanyar gudu. Wannan shi ne rashin tausayi na gaskiya, kuma ma'aunin da Malam ya kafa can yake kai mutum ko da ba nufinsa ke nan ba. Malam ya fi ni sanin ruwayar da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Abdullahi ɗan Umar ya iske wasu samari sun ɗaure tsuntsuwa suna gwada harbi a kanta, da suka gan shi suka watse, ya shaida musu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin bara. Tsuntsuwar da aka ɗaure don kibiya da wadda aka ɗaure don kyamara, halin da aka jefa su ɗaya ne.

Shi ya sa tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane hoton tsuntsu da abin da ya kama ita ce, yaya abin ya shiga faratansa? Ba jini ba ne tambayar, ba kuma haske ba. Na nemi matashin ya nuna mini hotunan da ke gaba da wannan da waɗanda ke bayansa a cikin kyamarar, bai yi gardama ba. Na farkon duk sun yi dishi-dishi, shahon yana shigowa daga nesa da abu a ƙafa. A wani ya sauka ya juya wa kyamara baya. A na ƙarshe reshen ne kawai da gashi a maƙale a ƙaya. Ƙafafun kurciyar sun fito a fili a biyu daga ciki, babu zare, babu alamar ɗauri. Hotunan da bai nuna wa kowa ba saboda ba su yi kyau ba, su ne suka wanke wanda ya nuna.

Batun gogewa da kwamfuta kuwa, a ɗakin hoton biki ana shafe tabo a fuskar ango kowa ya yi murna, domin abin da aka je saye ke nan. Hoton daji shaida ne. Wanda ya goge reshe yau ya yi shiru, gobe idan ya nuna tsuntsun da ba a taɓa gani a ƙasar Katagum ba, wa zai yarda da shi? Balle yanzu da na'ura ke ƙirƙiro hoto daga babu. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci kyauta a gasar hoto ta Sony, sannan ya fito ya ƙi karɓa ya ce na'ura ce ta haɗa hoton. A irin wannan zamani abin da mai kyamara ya mallaka wanda na'ura ba ta da shi guda ɗaya ne, cewa yana wurin kuma abin ya faru haka.

Sai maganar dutse. Na san daga zuciya mai kyau ta fito, amma ba ta tsaya a kan yadda abin yake ba. Irin wannan shaho yana da wani ɗan tsini a gefen bakinsa na sama wanda yake karya wuyan abin da ya kama da shi, kuma yakan gama da shi tun kafin ya kai shi reshe. Kurciyar da ke hoton ta riga ta mutu. Dutse ba zai dawo da ita ba, abin da zai yi shi ne ya sa shahon ya yar da ita ya tafi da yunwa ya kamo wata. Mai jifan zai koma gida yana jin ya yi alheri alhali kurciya biyu aka rasa. Shaho ba ya cin tsaba, ba a halicce shi da cikin da zai narka ta ba, farautarsa ma sau da yawa kuskurewa take yi, kuma da yawa daga 'ya'yan tsuntsaye masu farauta ba sa kai shekara guda, yunwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe su. Addininmu bai ɗauki farautar tsuntsu a matsayin zalunci ba. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo wa mai ita, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Azare, ta ambaci horarren shaho tare da horarren kare a babin farauta. Idan abin da shaho ya kamo wa mutum halal ne, ta ina abin da ya kamo wa cikinsa ya zama abin ƙyama?

Malam ya kawo hoton Kevin Carter na 1993, na yaron nan da yunwa ta durƙusar a kudancin Sudan ungulu na tsaye a bayansa, ya ce ga inda son hoto ke kai mutum. Wancan ɗan Adam ne, yana da haƙƙin ceto a kan duk wanda ya gan shi, kuma yunwar da ta kayar da shi yaƙin mutane ne ya haddasa ta. Haɗa shi da kurciya a faratan shaho bai ƙara wa kurciyar daraja ba, ya dai rage wa yaron.

Game da yara, ban ga abin ɓoyewa ba. Yaron Azare ya riƙe ƙafar kaza an yanka, ya tsaya a kan ragon layya. Abin da ke busar da zuciyar yaro shi ne ya harbo tsuntsu da danƙo ya yar don wasa, ko ya kwashe 'ya'ya daga sheƙa uwar tana kewaya kansa tana kuka, babba yana gani bai ce komai ba. Yaron da aka zaunar aka nuna masa wannan hoto, aka ce duba yadda ya rufe abincinsa, duba inda yake kallo, me kake jin ya gani, an koya masa ya tsaya ya lura da tsuntsu maimakon ya laluba aljihu neman dutse.

Inda na ba Malam gaskiya shi ne a kan masu kiwo. Matar da ta ga shirwa ta sure ɗan tsakon da take lissafin zai zama kuɗin littafin ɗanta ba za ta so a yi mata wa'azin kyan halitta ba, kuma mai tantabaru yana da dalilin jin haushin shaho. Asara ce ta gaske, maganinta akurki ne da kwando da rumfa a makonnin farko na 'yan tsaki. Amma wannan matar mijinta yana noman shinkafa ko gero a fadama, inda ɓera da fara da jan baki ke cin rabonsu kafin a kai rumbu, kuma tsuntsaye masu farauta suna cikin masu rage su. Ba zan ce shaho zai yi maganin garken jan baki ba, yawansu ya wuce nan. Abin da aka tabbatar shi ne, maganin da ake fesa wa jan baki ta jirgin sama yana kashe tsuntsayen da suka ci gawarwakinsu. Muna rage masu taimakonmu a wajen yaƙar masu yi mana ɓarna.

A nan ne nake ganin Malam bai auna nauyin abin da ke gabansa ba. Duk wanda ya manyanta a ƙasar nan ya san lokacin da ungulu ke jere a kan rufin mahauta da bishiyoyin kasuwa, har ba a ɗaga kai a dube ta. Yau yaro zai gama sakandare bai ga ko ɗaya ba. Ungulun nan ta cikin gari, har zuwa 2011 hukumar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ba ta sa ta a sahun abin damuwa ba. A shekarar aka shigar da ita, zuwa 2015 ta kai matakin gab da ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta don magani da tsibbu suna cikin manyan dalilai, kuma Najeriya na cikin manyan kasuwannin. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun daji. Binciken da aka buga a Janairun 2024 a kan nau'i 42 na irin waɗannan tsuntsaye a Afirka ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in suna raguwa, kuma Afirka ta Yamma na cikin inda abin ya fi tsanani. Shahon da ke hoton nan ba ya cikin waɗanda aka ce suna gab da ƙarewa. Ungulu ma haka aka ɗauke ta, kuma a zamanin da take cike da mahauta ba mu damu mu ɗauki hotonta mu rubuta rana ba.

Katagum ba gefen wannan labari take ba. Kogin Jama'are da ya ratsa ta gefen tsohon garin Katagum shi ne ke gangarawa ya haɗu da na Haɗeja su shayar da dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai kowane hunturu, inda kuma a 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Ruwan ya canza tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kachala ta cinye hanyoyin ruwa, kuma har yau ana maganar madatsar Kafin Zaki a kan shi kansa kogin Jama'are. Duk ranar da za a zauna a tantance me fadamarmu ta rasa, sai an nemi shaidar abin da take da shi a da. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda ya dogara a kan 'yan sa-kai da ke rubuta abin da suka gani da inda suka gan shi. Ɗaliban nazarin halittu a jami'ar Gadau da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh za su iya cike gurbin yankinmu a wannan taswira, kuma hoto mai gaskiya irin wannan shi ne abin da ake tabbatar da rahoto da shi.

Wannan ba ya nufin hoton ba shi da gyara. Yana da shi, sai dai ba inda Malam ya nuna ba. Mai hoton ya yanke ƙarshen bindin shahon wajen rage gefe don tsuntsun ya ƙara girma, gara ya bar shi ƙarami cikakke, ya bar sarari ta inda yake kallo. Ya ƙara wa launi ƙarfi har jinin ya fi na gaske ja, wannan kuwa ƙari ne a kan shaida, ya mayar da shi yadda yake. Da ya ɗan gusa hagu a hankali, mai yiwuwa reshen ya sauka daga ƙirji zuwa ƙafa ba tare da an taɓa kwamfuta ba. Mafi girma, ya fitar da hoton ba rana ba wata, alhali waɗannan su ne rabin amfaninsa. Ya rubuta ranar, ya rubuta fadamar Katagum, amma idan wata rana ya gano sheƙa kada ya faɗi bishiyar, domin ba masu sha'awar kallo kaɗai ke bibiyar irin waɗannan hotuna ba, akwai masu kai kawuna da farata kasuwa.

Idan Malam yana da hujjar cewa an ɗaure kurciyar nan, ko an jefa wa shahon ita, ya kawo, zan riga shi yin tir da hoton a wannan fili. Idan babu, ina roƙonsa ya janye shawarar goge reshe da ta matsawa kusa kafin wani yaro ya ɗauke ta ya nufi kasuwar tantabaru da zare a aljihu.